Zaman Makokin Hamma Siddi

Kawunku Siddi bai mutu a shekarar da aka ce muku ya mutu ba. Da wannan zan fara, don kada ku yi ta karatu kuna laluben inda na dosa. Yana nan da ransa har yau da nake wannan rubutu, ya tsufa, kansa ya yi fari fat, yana zaune a wata gona can bayan Kwadon. Babanku, Allah ya ji ƙansa, shi ya karɓi alkawari a wurina cewa ba za a ambaci sunan nan a gidansa ba muddin yana numfashi, na kuma riƙe masa. To yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini sallama, bai kamata in tafi da maganar nan a ciki ba. Abba da Umaru, ku karanta a tsanake. Ke kuwa Nana, ki nemi wuri ki zauna tukuna, don akwai abin da yake naki a ciki.

Hamma Siddi yayana ne ciki ɗaya, mu biyu kaɗai muka rayu cikin 'ya'yan Dada. Malamin dabbobi ne, irin waɗanda ke ɗaure jakar allurai a bayan babur su nufi ruga tun rana ba ta yi zafi ba. Daga Kwadon zuwa ƙauyukan da ke bayanta babu makiyayin da bai san shi ba, in saniya ta kasa haihuwa shi ake aika wa. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kullum rigarsa na warin maganin kaska. Ku manyan za ku iya tuna ƙwaryar kindirmo da yake sauke mana a ƙofar madafi in ya dawo daga daji. Na daɗe da lura da wani abu a tare da shi tun kafin kowa ya lura. In aka kira salla yana gidanmu, sai ya tuna cewa babur ɗinsa na ɗigar mai, ya fita dubawa. Ranar Juma'a kuwa kullum akwai garken da ke jiransa a nesa. Azumi yana yi tare da kowa, ko in ce ba a ganinsa yana ci. Wata rana da la'asar muna zaune mu biyu ina tsince shinkafa, na yi ta maza na tambaye shi ko wani malami ne ya ɓata masa rai.

"Babu wanda ya ɓata mini rai, Dija," in ji shi. "Shekaru na yi ina tsayawa a sahu ina jiran in ji abin da kuke ji. Wata rana na leƙa cikina na tarar da shi kamar ɗakin da masu haya suka tashi. Ban kori kowa ba. Tararwa na yi babu kowa."

Na ce masa ya yi istigfari, shaiɗan ne. Ya ce to, ya taya ni tsintar shinkafa. Daga ranar na shiga yi masa addu'a a kowace sujada, ban kuma gaya wa kowa ba, har babanku. Kun san garin nan. Mutum yana iya zama mashayi ko macuci a zauna a ci tuwo da shi, muddin ana ganinsa a masallaci ko a coci. Wanda ba ya zuwa ko ɗaya, ba mu da sunan da za mu kira shi, ba mu da wurin da za mu ajiye shi.

Haka muka yi ta tafiya har shekarar da babanku ya fito neman kujerar majalisar jiha. Gidanmu na unguwar Malam Inna ya koma kamar tasha, tukunya ba ta sauka daga murhu. Babanku yana son Hamma Siddi a jikinsa, don ya san in Siddi ya ce wa makiyaya ga inda za a bi, nan za su bi. Ana gab da zaɓen fid da gwani, manyan tafiyar suka ce ba za a saki kowa haka nan ba, sai duk wanda ke cikin lamarin ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa ba zai ci amana ba. Aka tara su a falon baƙi da hantsi, ana cikin zafin bazara. Ni ina madafi tare da mata masu taya ni girki, muna jin hayaniyar maza da ƙarar cokula. Sai kawai muka ji ɗif, kamar an rufe tukunya. Wata daga cikin matan ta ɗaga kai ta ce ko wani ya faɗi ne. Abin da ya faru a ciki, daga baya na gan shi da idona a wayar wata maƙwabciya, don akwai wanda ya ɗauka. Layi ya zo kan Hamma Siddi, ya ƙi tashi.

"Alhaji, ni a cire ni a wannan," ya ce wa babanku.

"In alwala ce ba ka da ita, ga buta can," in ji wani dattijon jam'iyya.

"Ba alwala ba ce. Maganata na ba Alhaji, kuma ba zan saɓa ba. Amma in na dafa na rantse, za ku tafi kuna ganin tsoron rantsuwar ya ɗaure ni, alhali ba haka ba ne. Na yaudare ku ke nan."

"Kana nufin ka koma coci?"

"Ban koma ko'ina ba."

"To wa kake bauta wa?"

Ya dubi tafin hannunsa. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai ba da haƙuri:

"Ba kowa."

Bai zagi kowa ba, bai taɓa addini da mummunar kalma ba, ni shaida ce don na kalli abin nan har ya ishe ni. Amma kafin magariba maganar ta zaga gari daga waya zuwa waya, kuma duk inda ta kwana sai ta tashi da ƙari. Abokan hamayyar babanku suka same ta kamar tsuntsu daga sama gasasshe. A tashar Bolari aka fara cewa surukin Alhaji Usmanu ya yi ɓatanci, wasu suka ce har taka littafin ya yi. Aka ce yaran 'yan siyasa na jiran a sauko daga Juma'a.

Ranar Alhamis da safe wata 'yar uwarmu ta kira ni ta ce in zo gidan iyayenmu a Bolari yanzu, ta kashe wayar. Na ja mayafi na tare keke. Tun daga bakin layinmu na hango tabarmi a shimfiɗe ƙarƙashin dogonyaro, ga butoci a jere, ga maza zaune sun sunkuyar da kai. Na ɗauka Dada ce, da ma ta daɗe tana fama da yanar ido da mantuwa. Bappa Hammadu, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba, yana zaune a tsakiya da carbi a hannu. Na durƙusa gabansa.

"Bappa, Dada ce?"

"Siddi ne," in ji shi. "Shiga ciki wurin mata."

Na ƙwalla ihu, na ɗauka sun riga sun kashe shi. Na tambayi inda gawar take, babu wanda ya amsa mini. Ashe bayan sallar asuba Bappa ya miƙe a masallacin layi ya sanar cewa Siddi ɗan Buba ya rasu, babu jana'iza, za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida. An ce liman ya gaya masa wannan ba shi da asali a addini, amma ga limamin nan shi ma a kan tabarma. Ban shiga ciki ba, na maƙale a zaure ina leƙe. Mutane suna ta zuwa, su tuɓe takalmi, su durƙusa, su ce, "Ya haƙuri?" Bappa ya ce, "Da godiya." Daga nan sai a yi shiru, daidai wurin da ake cewa Allah ya ji ƙansa. Kowa ya zo nan sai ya tsaya kamar wanda ya iso bakin rijiya, ya ɗan jima, ya tashi. Na je zaman makoki ba iyaka a rayuwata, ban taɓa jin abin da ya tayar mini da tsikar jiki kamar wannan shirun ba.

Rana ta ɗaga sai na ji ƙarar babur da na sani. Hamma Siddi ne, da jakarsa ta allurai, ƙafarsa duk taɓon ruga. Ya kashe babur, ya dubi tabarmi, fuskarsa ta canja, shi ma Dada ya zata. Ya yi sallama. Babu wanda ya amsa. Ya sake yi, ya matso gaban Bappa ya durƙusa.

"Bappa, wa ya rasu?"

Bappa ya ci gaba da jan carbi, idonsa na kan wani wuri a bayan kafaɗar Siddi. A daidai lokacin wani tsoho maƙwabcinmu ya iso, ya raɓa ta gefen Hamma Siddi har rigunansu suka gogi juna, ya durƙusa ya ce:

"Hammadu, ashe Siddi lokaci ya yi. Ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji Bappa.

Na ga yayana ya miƙe a hankali. Ya dubi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka yi masa kaciya, waɗanda suka kai masa lefe, abokan ƙwallonsa na yarinta. Babu idon da ya haɗu da nasa. Ya koma jikin dogonyaro ya tsaya, hannayensa a sake.

Yana nan tsaye suka iso, ba su ma jira Juma'ar ba. Samari ne masu yawa, da gorori da wasu abubuwan a ƙarƙashin riga, suna tafe suna kabbara. Da suka shawo kwanar layi suka ga tabarmi da dattawa, sai tafiyarsu ta yi sanyi. Na gabansu ya ɗaga murya ya ce a fito musu da Siddi. Bappa ya dafa sanda ya miƙe, tsoho ne ƙanƙani, iska ma tana iya kayar da shi.

"Wanda kuke nema ya mutu," ya ce. "Ga mu muna karɓar gaisuwarsa. In gaisuwa kuka zo, ga tabarma."

Wallahi 'ya'yana, Hamma Siddi yana tsaye a fili, tsakaninsa da su bai fi tsawon tabarma biyu ba, kuma da yawansu sun san fuskarsa. Na ga idon na gaban ya sauka a kansa, ya tsaya, ya koma kan dattawan nan da babu wanda ya ko waiga wajen bishiyar. Ban san abin da ya shiga zuciyar yaron ba. Na dai ga ya sauke gorarsa, ya shafa kansa kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Wani a bayansa ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya ce ya haƙuri. Sauran suka yi cirko-cirko, sannan suka fara zamewa. Har suka watse babu wanda ya nuna shi da yatsa. Shekaru bayan haka, Bappa yana jinyar ajali, na tambaye shi ko don ya tsirar da Siddi ya yi abin nan, ko don ya yafe shi ne daga dangi da gaske. Ya ce mini shi bai ga kowa a jikin bishiya ba ranar. Da haka ya tafi.

Abin da aka fara a kan tabarma bai tsaya a kan tabarma ba. 'Yan uwan matarsa suka zo suka ce aure ya warware, suka kwashe ta da yaran zuwa garinsu. A wurin aiki ya tarar an fitar da teburinsa baranda. Mai shayin da ya shekara ashirin yana haɗa masa ba tare da ya faɗi yadda yake so ba, Siddi ya zauna a bencinsa har shayin ya ƙare ba a miƙo masa kofi ba. Ya ɗaga wa keke hannu, keke ya wuce ya ɗauki na gaba da shi. Ba a zaginsa, ba a jifansa, ba a dai ganinsa. A gabansa ake cewa marigayi Siddi. Da na same shi a ɓoye ya rame, ya ce mini:

"Dija, jiya na tsaya a ƙofar shagon mai aski ina kallon madubi. So nake in tabbata."

A nan na yanke shawara. Kun tuna Mama Rifkatu, Batangaliyar nan Kirista, tsohuwar unguwarzoma da katangarmu take ɗaya, wadda ta karɓi haihuwar Nana. Tana da ɗaki a bayan gidanta da babu kowa. Na je na durƙusa mata, ta amince nan take, don ta ɗauka irin waɗanda suke sauya addini ne danginsu su kore su. Ranar Lahadi ta goge masa riga ta ce ya shirya su tafi sujada. Ya yi mata godiya ya ce shi ba ya zuwa. Da ta gane abin da yake nufi sai ta zauna a kan turmi, ta rufe baki da hannu.

"Ɗana, ba masallaci, ba coci? To in ka mutu wa zai ɗauke ka?"

Ya ce bai sani ba. Ta yi kwanaki ba ta iya haɗa ido da shi, ta kuma gaya mini mutanen cocinsu sun ce ta kore shi kada ya jawo musu wuta. Amma ba ta kore shi ba. Ta ce ita ba ta gane masa ba ko kaɗan, sai dai ɗaki ba ya tambayar mai kwana a cikinsa. Ni kuma kullum da azahar, in babanku ya fita yawon siyasa, sai in taka bokiti in ɗora kwano a kan katanga. Hannu ya fito ta wancan gefen ya ɗauka. Ba ma magana.

Nana, ga naki. Kina 'yar ƙarama lokacin, an gaya muku Kawu Siddi ya rasu a daji, kin yi kuka har kin gaji. Wata rana tsakar rana kika hau kan tulin yashi a bayan gida kina neman ƙwallonki, kika leƙa ta kan katanga, kika gan shi tsaye a taga yana kallonki. An ce murmushi ya yi miki. Kika faɗo kina ihu, jikinki ya ɗauki zafi, kika kwana biyu kina cewa Kawu ya dawo. Aka kawo mai ruƙiyya, aka yi ta tofa miki, aka turara ki da hayaƙi, aka ce miki aljani ne ya ɗauki siffarsa. Na san har kika girma ba kya yarda ki kwana kusa da taga. Ba aljani kika gani ba, 'yata, ba fatalwa ba. Kawunki kika gani, kuma shi ma ranar bai ci abincin da na ɗora ba.

Ta nan babanku ya gane. Kada ku ɗauke shi mugu. Mutum ne da ya zuba duk abin da ya mallaka a neman kujerar nan, ya tsaya gaban taro ya rantse cewa ba shi da suruki mai wannan suna, ga shi kuma ashe tuwon gidansa ake ci. Ya kira ni ɗaki ya rufe ƙofa.

"In aka ji yana jikin katangata, ba takara kaɗai ba, gidan nan ma sai an ƙona. Kina da 'ya'ya, Dija."

"Ina da su, Alhaji. Shi ma ɗan wata ne."

"Mutumin da ya bar Allah?"

"Tsakaninsa da Allah ban isa in shiga ba. Ni dai nono ɗaya muka sha, ba zan ci in ƙoshi yana jin ƙamshin miyata ta kan katanga ba."

Ya ce in kwano ya sake hawa katangar nan, a bakin aurena. Washegari da azahar na taka bokiti. Da la'asar ya ba ni saki ɗaya. Wannan ita ce daminar da aka ce muku na tafi Bolari jinyar Dada. Jinyar na yi, amma ba ita ta kai ni ba.

Dada ba ta san komai ba. An gaya mata ruwa ya ci ɗanta a hanyar ruga, ba a ga gawa ba, ta kuma yarda. Idonta ya kusa rufewa, tunaninta yana zuwa yana tafiya. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sakar masa fuska a gaban mutane. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta ce Siddi ba, sai dai ta ce wancan, ko yayanki. Bayan gidanmu na Bolari akwai kwarin nan da ruwa ya zaizaye, da ƙaramar ƙofar langalanga da ke fita wajensa. Na aika masa cewa in rana ta take, maza sun tafi kasuwa, ya biyo ta kwarin. Ranar farko hadari ya haɗu, gari ya yi duhu da rana tsaka, iska ta tsaya cak. Dada na kwance a kan gado ina matsa mata ƙafa. Ya turo ƙofa ya tsaya a bakin ɗaki, hasken waje na bayansa. Ina shirin in fara yi mata bayani a hankali kada zuciyarta ta buga, sai ta ɗaga kai ta shaƙi iska, ta ji warin maganin kaskar nan.

"Siddi," ta ce. "Sun bar ka ka zo?"

Ya dafa bango. Ni kaina sai da na ji sanyi ya ratsa ni, jin sunan nan a bakinta. Babu tsoro a muryarta ko kaɗan, kamar da ma tana jiransa.

"Matso in taɓa ka. Kai, hannunka da sanyi. Ruwan ne ko?"

Ya durƙusa a gaban gadon. Na buɗe baki in ce Dada, da ransa fa, sai ta riga ni.

"Ka ga babanka a can?"

Ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin ido irin wannan ba. Aka yi tsawa can nesa, ruwa bai sauko ba. Ta sake tambaya, tana shafa kansa kamar jariri, abin da ba ta taɓa yi ba a gabana.

"Na gan shi, Dada," ya ce.

"Yana lafiya? Ƙafar tasa ta daina ciwo?"

"Ta daina. Yana tafiya ba sanda."

"Alhamdu lillahi. Akwai inuwa a wurin?"

"Akwai inuwa. Akwai ruwa, ga ciyawa ko'ina, shanu sun ƙoshi."

Ta yi dariya, irin wadda na manta tana da ita. Ta ce ya gaya wa Buba ta kusa, kada ya gaji da jira. Daga ranar kusan kullum sai ya biyo kwarin nan da rana, ya zauna a gaban gadonta, ta yi ta tambayarsa mutanenta da suka tafi, iyayenta, 'ya'yanta da suka mutu a goye, shi kuma yana ba ta labarinsu ɗaya bayan ɗaya, wa ya girma, wa ya yi kama da wa. Matan gidan suna jin muryarsa ta taga, su wuce da tsintsiyarsu kamar ba su ji ba. Har ni, wani lokaci in ina sauraronsu cikin duhun ɗakin nan, ruwa na dukan kwanon rufi, sai in rasa tabbacin wane ne mai rai a cikinmu. Sau ɗaya na bi shi bakin kwari na tambaye shi ko ya fara yarda da abin da yake faɗa mata. Ya girgiza kai, ya share ido da hannun riga, ya gangara.

Dada ta cika a ƙarshen damina, da murmushi a fuskarta. Da aka kai ta, an ce an hango wani dogon mutum tsaye can bayan katangar maƙabarta har aka watse. Ba da jimawa ba wani tsohon Bafulatani da Siddi ya taɓa ceto masa garke ya aiko a ce masa akwai bukka a gonarsa bayan Kwadon, shi shanunsa ba su san addinin mai allura ba. Can ya koma. A gari kuma aka fara cewa ya mutu da gaske, wasu su ce mota ce ta buge shi a hanyar Bauci, wasu su ce ya haukace ya shiga daji, har maganar ta zauna. Babanku bai ci zaɓen fid da gwanin ba, bai kuma sake neman komai ba. Ya yi bikona, na dawo saboda ku, bisa sharaɗin da na faɗa muku. Mun zauna lafiya, ya kyautata mini, amma akwai wani ɗaki a tsakaninmu da ba mu sake buɗewa ba har ya tafi. Duk lokacin da na ce muku zan je Kwadon sayen wake, to kun ji inda nake zuwa.

Watan jiya na je. Ya rage tsawo, yana tari, amma hankalinsa garau. Bai canja ba, ni ma ban canja ba, in lokacin salla ya yi shi yake ɗebo mini ruwa a buta ya shimfiɗa mini buhu. Da muka gama cin abinci ya ce in zo ya nuna mini wani abu. Muka taka zuwa ƙarshen gona, ƙarƙashin wata tsamiya. Rami ne, an haƙa shi tsaf, daidai tsawonsa, an rufe bakinsa da langalanga saboda awaki. A gefe ga itatuwa an sare an jera.

"Tun ina da ƙarfi na yi," in ji shi. "Na san babu maƙabartar da za ta karɓe ni, ba na kuma son a yi rigima a kaina. Ba na neman a yi mini salla, Dija, kada ki sa kowa a wahala. Haƙawa na iya. Rufewar ce ba zan iya da kaina ba."

Ban ce ku yarda da abin da ya yarda da shi ba, ni ma ban yarda ba, kuma ina nan ina kai sunansa gaban Ubangiji har ranar da harshena zai tsaya. Abin da ke tsakaninsu, su biyu suka sani. Amma ni mace ce, ga tsufa, ba zan iya ɗaga shi ba. Abba, Umaru, in kun wuce kasuwar Kwadon ku tambayi gonar da malamin shanu yake, kowane makiyayi zai nuna muku. Ku je tun yana iya gane ku, ku tafi da Nana ta gan shi da rana, a kusa, ta riƙe hannunsa. In kuma ranar ta zo aka kira ku, kada ku tsaya neman shawarar kowa. Shebur biyu na nan jingine a bayan bukkarsa, ya ce ya sayi na biyun ne ko da za a samu mutum biyu.